Wa suke gaisarwa, ni ko kujerar?

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 58, kuma shekara 33 ke nan ina aikin gwamnatin jiha. Shekara bakwai na yi ina daraktan mulki da kuɗi a wata babbar ma'aikata. Wata tara da suka wuce aka canja mana kwamishina, bayan mako biyu aka miƙo mini takarda wai in koma ofishin shugaban ma'aikata in jira a tura ni wani wuri. Har yau jiran nake yi. Ba a tuhume ni da laifin komai ba, albashina yana shigowa, amma ba ni da tebur, ba fayil, motar ofis ma an karɓe.

A da sai na kashe waya kafin in samu in ci abinci. Yanzu sai ta wuni shiru, har in ɗauko in duba ko caji ne ya ƙare. A da idan sallah ta zo ba a samun wurin ajiye mota a ƙofar gidana. Babbar sallar bana mutum huɗu ne suka zo gaishe ni, ɗaya daga cikinsu tsohon masinjana ne da ya yi ritaya, ya hawo acaɓa tun daga bayan gari. Ƙungiyar ci gaban garinmu, wadda ba ta taro sai ina kan babban tebur, ta yi taron bana ban ji ba sai a bakin mutane.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yaron da na ɗauko tun yana ƙaramin jami'i, na tura shi kwas, na sa sunansa a tafiye-tafiye, na tsaya masa a ƙarin girma, shi aka ɗora a kujerata. Na je wurinsa kan maganar aikin ɗan ƙanwata, ya bar ni awa biyu a ɗakin jira, a kan kujerun da ni na sa hannu aka sayo, sannan ya leƙo ya ce in yi haƙuri ana nemansa a taro.

Kullum ƙarfe takwas nake sa babbar riga in fita don kada maƙwabta su gane, in je sakatariya in zauna ƙarƙashin darbejiya tare da wasu irina. Uwargida ta ce na mayar da gida ofis, komai sai faɗa, yara da sun ji motsina sai su shige ɗaki. Barci kuma ya ƙaurace mini.

Ina da fili a bakin titi. Ina tunanin in sayar in nemi sarauta a garinmu, ko mutuncina ya dawo. Malam, duk mutanen nan munafukai ne na yi shekara bakwai ban gane ba? In je in amayar wa yaron nan abin da ke raina? Sarautar fa?

Daga wani darakta mai jiran wurin aiki

Wa alaikumus salam, Alhaji.

Ciwon nan naka yana da suna, kuma mata sun fi mu saninsa. Yaye ne.

Ba ni na raɗa masa sunan ba. A hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Manzon Allah (SAW) ya ce mutane za su yi kwaɗayin shugabanci, kuma zai zama nadama ranar Alƙiyama, sannan ya rufe da cewa madalla da mai shayarwa, tir da mai yayewa. Na daɗe ina jin hadisin nan a wa'azi ina ɗauka da sarakuna da gwamnoni ake. Sai daga baya na gane har shugaban sashe da hedimasta da shugaban 'yan tasha suna ciki. Ka tuna yadda ake yaye yaro a gidajenmu. A shafa wa nono maɗaci, ko a ɗauke shi a kai gidan kaka. Kwana uku ba mai runtsawa a gidan. A ba shi kunu ya ture, a goya shi ya banƙare, wanda bai yi masa komai ba ma sai ya kai masa duka. Rashin barcinka, da faɗan da kake yi wa yara, da duba caji, duk kukan nan ne.

Ban faɗi haka don in raina ka ba, don ni ma na yi nawa. Na taɓa riƙe wani ɗan muƙami da bai kama ƙafar naka ba, a wani wuri da ba sai na faɗi sunansa ba. Abin da ke hannuna bai wuce tsara wa zai yi tafiya wa zai zauna ba. A shekarun nan duk barkwancin da na yi sai ɗaki ya ɗauka da dariya, har na fara yarda cewa Allah ya yi mini baiwar ban dariya. Bayan na sauka, na maimaita ɗaya daga cikin labaran a gaban mutanen da a da suke riƙe ciki, sai wani ya ce, “Ai ka taɓa ba mu wannan.” Sau biyar na taɓa ba su, kuma sau biyar suka yi dariya.

To, munafukai ne? Kaɗan daga ciki, mai yiwuwa. Mafi yawansu a'a. Munafuki shi ne mai nuna maka ƙauna yana ɓoye ƙiyayya, su kuwa waɗannan ba su ƙi ka ba, buƙata ce kawai ta kawo su. Ɗan kwangilar da ya gama aiki wata shida ba a biya shi ba, mai siminti yana binsa, banki yana binsa, takardar biyansa tana kan teburinka, in ya durƙusa ya ce maka ranka ya daɗe, har zuciyarsa yake nufi. Yana so ranka ya daɗe, aƙalla har ka sa hannu. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, yanzu kuwa tuwon ya koma wata tukunyar, sun bi shi. Mai shayi ma idan aka tayar da tasha, ɗaukar teburinsa yake yi ya bi motoci, ba wanda ke ce masa butulu. Inda aka samu kuskure shi ne, gaisuwar da aka aiko wa kujera ka karɓa ka adana a matsayin taka, kuma kusan duk wanda ya zauna a irin wurin sai ya yi haka, domin kujera ba ta da baki, kai ne mai amsawa a madadinta.

Ka yi haƙuri in taɓa inda ke ciwo. Kafin kai akwai wanda ke zaune a wurin. Ka san sunansa, ka san gidansa. A shekara bakwai ɗin nan, sau nawa ka taka ka je gaishe shi haka kawai, ba rasuwa ba ɗaurin aure? Babban sakataren da a da kake miƙewa tsaye idan ya kira ka a waya, alhali ba ya ganinka, yaushe rabonka da lambarsa tun da ya yi ritaya? Na tabbata ba ka ɗauki kanka munafuki ba. Aiki ne ya sha kanka, ka ce gobe, goben ta zama shekara. Su ma abin da za su faɗa ke nan idan aka tambaye su game da kai.

Shi kansa ikon da kake makokinsa, zo mu ɗora shi a sikeli. Fayil ɗin biyan kuɗi kafin ya iso gabanka ya bi ta rajista, ya bi ta hannun akanta da oditan cikin gida. In ya bar gabanka sai babban sakatare, sai kwamishina, in kuɗin ya fi ƙarfinsu sai gwamna ko majalisar zartarwa, bayan an amince kuma a koma jiran ofishin akanta-janar ya saki kuɗi. Teburinka ƙofa ce guda ɗaya a cikin jerin ƙofofi. Abin da ke hannunka na haƙiƙa shi ne ka hanzarta ko ka jinkirta. Wannan kuwa masinjan da ke yawo da fayil daga ofis zuwa ofis ma yana da shi, haka yaron rajista da zai iya cewa an duba ba a gani ba. Abin da ka fi su shi ne kafet da na'urar sanyaya ɗaki da sakatare a bakin ƙofa. Shi ya sa takarda mai rabin shafi ta isa ta raba ka da komai a wuni ɗaya, ba abin da ya tsaya, albashi ya ci gaba da fita, 'yan kwangila suka ci gaba da durƙuso.

Wani lokaci ma ba a buƙatar takardar. Waɗanda suka kai shekarunmu sun tuna NITEL, kamfanin waya na gwamnati. Kafin 2001 layukan waya a faɗin Nijeriya ba su wuce kimanin rabin miliyan ba, mutum sai ya cika takarda ya yi ta jira wata da watanni. Jami'in da ke raba layi, attajirai ne ke zuwa gidansa gaisuwa. A 2001 wayar salula ta shigo, cikin 'yan shekaru layi ya zama abin da yara ke sayarwa ƙarƙashin lema a bakin titi. Ba wanda ya tsige jami'in nan, yana nan a ofishinsa da hatiminsa da rigarsa, buƙatar mutane ce ta bi ta wata hanya ta bar shi. Kai da ka yi aikin kuɗi ka fi ni sanin kashiya na zamanin biyan albashi a tebur, yadda ƙarshen wata yake zama sarki, ana bin sa har wurin alwala. Da aka koma tura albashi ta banki, wa ya ƙara sanin ko ya zo aiki?

Wanda nake yawan tunawa a irin wannan magana shi ne Janar Yakubu Gowon. Ranar 29 ga Yuli 1975 yana zaune a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala aka sanar da shi an hamɓarar da gwamnatinsa. Mutumin da ya shekara tara yana mulkin Nijeriya, wanda a hannunsa aka fara yaƙin basasa aka kuma gama. Ya wuce Ingila ya shiga Jami'ar Warwick a matsayin ɗalibi, jaridu suka buga hotonsa riƙe da faranti yana bin layin abinci kamar kowa. A gida mutane da yawa sun ga abin a matsayin zubar da girman ƙasa. Ni kuwa a ganina farantin nan ne ya cece shi, don da ya zauna a ɗaki yana jiran a zo a sara masa, da baƙin ciki ya cinye shi tun yana ɗan shekara arba'in. Ya yi karatunsa har digirin digirgir. Gwamnatin Murtala da ta gaje shi kuma, cikin 'yan watanni ta sallami ma'aikata sama da 10,000, har da wasu manyan sakatarori waɗanda a zamanin Gowon ake ganin su ne gwamnatin, wasu a rediyo suka ji an kore su nan take. Kai ba tuhuma a kanka, albashinka yana shigowa. Darakta ya shekara bakwai a kan kuɗi ya tashi ba a kira shi amsa tambayoyi ba, wannan abin yanka rago ne a yi godiya, in da za ka dube shi ta nan.

Dalilin cire ka kuwa ba ya buƙatar bincike. Sabon kwamishina yana son nasa mutum a inda kuɗi ke bi, haka aka saba, kuma ba mamaki kai ma irin wannan iskar ce ta ɗora ka a lokacinka. A aikin tarayya ma an mayar da abin ƙa'ida: a 2009 aka kawo tsarin cewa darakta ba zai wuce shekara takwas a muƙamin ba, aka dakatar da shi a 2016, aka dawo da shi a 2023. Da a can kake, da shekara ɗaya ta rage maka ko ba a canja kowa ba. Ga kuma dokar shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, wadda ta kowane ɓangare saura maka kamar shekara biyu. Yayen nan dai yana tafe, an gaggauto da shi ne kawai.

Maganar yaronka. Bai kyauta ba, ba zan yi masa kwaskwarima ba. Ko taron gwamna ne, ya kamata ya fito da kansa tun da aka ce masa kana waje, ya gaishe ka, ya raka ka har mota, ya ce zai zo gida. Tarbiyya ke nan, kuma ya gaza. Amma kada ka je ka amayar masa da komai.

Ka ce kujerun ɗakin jiran kai ka sa hannu aka sayo. Don wa ka sayo su, Alhaji? Don mutane su zauna su jira ka. Tsofaffi nawa suka yi awa biyu a kansu da fayil a hammata, kana ciki kana waya ko kana shan shayi da baƙo, ba da mugunta ba, don dai haka ofis yake? Yaron nan yana gefenka duk shekarun nan yana kallo. Abin da ya gani shi ya koya. Ranar da ka je kuma da buƙata ka je, aikin ɗan ƙanwarka, wato ka shiga ta ƙofar masu roƙo, shi kuma ya yi maka abin da kujerar ta saba yi wa masu roƙo.

Akwai kuma tsoro, wanda ba lallai ka hango shi daga inda kake ba. Mutumin da sabon kwamishina ya kawar, zama da shi a ofis ƙofa a rufe ba ƙaramin haɗari ba ne ga wanda bai gama zama daram ba. Kafin ka kai bakin get labari ya kai sama cewa tsohon darakta ne ke juya shi daga gida. Ka san sakatariya, ka san yadda magana ke tafiya a cikinta fiye da fayil.

Sai batun “ni na ɗauko shi”. A barantakar gargajiya ubangida daga rumbunsa yake ciyar da baransa, da dukiyarsa yake yi masa aure, shi ya sa ko ubangida ya talauce baran kirki ba ya gudu. Barantakar ofis kuwa da hatsin gwamnati ake yin ta. Kwas ɗin da ka tura shi kuɗin gwamnati ne, alawus ɗin tafiya na gwamnati ne. Ƙarin girman, in ya cancanta haƙƙinsa ne ka ba shi, in bai cancanta ba to wani ka danne. Godiyar irin wannan alheri kujera take bi, don daga kujerar ya fito. Abin da yake naka tsantsa shi ne abin da ka zaunar da shi ka koya masa, yadda ake rubuta takarda, yadda ake karanta kasafi, inda ake sa hannu da inda ake janye hannu. Wannan zai tuna, amma ba yanzu ba. Yanzu shi ake shayarwa, kuma yaron da ke kan nono ba ya jin kira.

In ka je ka yi masa faɗa, abin da zai fita shi ne tsohon darakta ya zo ya yi ta sababi a ofis, a yi mako ana ba da labarinka har da kwaikwayon muryarka. Ɗan ƙanwarka ya kai takardunsa hukumar ɗaukar ma'aikata kamar 'ya'yan kowa. Yaron kuma in kun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure, ka miƙa masa hannu da fara'a, ka tambayi iyali, ka wuce. Bar shi da kunyarsa, ita za ta yi maka aikin da faɗa ba zai yi ba.

Filin nan kada ka sayar. A nan ba zan sassauta ba. Ka fi ni sanin yadda 'yan fansho ke sintiri, a gabanka suke wucewa. A jihohi da dama mutum yakan yi shekaru kafin garatutinsa ya fito, wasu ma magada ne ke karɓa. Tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akwai rami, kuma filin nan shi ne gadarka. Ga yara ba su gama makaranta ba, tunda har yanzu suna gida suna ɓuya.

Ba raina sarauta nake yi ba, mu duka a ƙarƙashinta muka tashi. Amma sarautar da aka aiko aka kira ka aka ba ka daban take da wadda ka bi da kuɗin fili, kuma mutanen gari sun san bambancin ko ba su faɗa ba. Hidimarta kuma ba ta ƙarewa ranar naɗi. Bayan rawani da alkyabba da walima da maroƙa, akwai doki da mai kula da shi, akwai hawan sallah duk shekara sau biyu, akwai gaisuwar fada, akwai zaure cike da masu buƙata tun da asuba. Taron da kake kewa zai dawo, ba shakka, amma mutanen nan ne dai, da dalilin nan dai, sai dai wannan karon daga aljihunka za a biya, da kuɗin ɗan fansho. Ranar da aljihun ya ƙafe za a sake yaye ka, kana da shekara 65, ba fili. Shi rawanin ma ai ana tuɓe shi. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya ya yi murabus a 1963 ya koma Azare. Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, bayan shekara takwas a gadon sarauta, a 1996 gwamnatin Abacha ta cire shi aka wuce da shi Zing a jihar Taraba. In haka ta faru da waɗannan, me ake tsammani daga rawanin da ba ƙasa a ƙarƙashinsa?

In garinku yana son naɗa ka saboda abin da ka yi musu, za su zo har gida, ka karɓa da hannu biyu. Ƙungiyar da ba ta gayyace ka ba kuma, ai ɗan gari ba ya jiran gayyata. Taro na gaba ka je, ka biya kuɗin ƙungiya, ka zauna a benci. Rabin awa na farko zai yi maka ɗaci kamar maɗaci. Daga nan za ka fara jin abin da mutane ke faɗa, wanda daga babban tebur ba a jin sa.

Babbar rigar ƙarfe takwas kuwa, Alhaji, maƙwabta sun sani tun ranar da mota mai lambar gwamnati ta daina kwana a gidanka. Mai gadin layinku ya sani, mai kanti ya sani, kawaici suke yi maka. Kana ƙona mai don ɓoye abin da ba wanda bai sani ba. Tunda kana karɓar albashi, zuwa aiki wajibi ne, ka je ka sa hannu. Amma majalisar ƙarƙashin darbejiya ka rage ta, don na san irinta: kowa yana ba da labarin zamaninsa da butulcin yaransa, a tashi kowa ya fi yadda ya zo ɗaci. Maimakon haka ka rubuta wa shugaban ma'aikata cewa kana so a ba ka sababbin jami'ai ka riƙa koya musu dokokin kuɗi da rubuta takardun aiki kafin ka tafi. Ba mai yi maka kishiya a wannan, don ba kwangila a ciki. Halidu bin Walid, da Sayyidina Umar ya sauke shi daga jagorancin runduna, ci gaba ya yi da yaƙi a ƙarƙashin Abu Ubaida. Shekara 33 na sanin aiki ba a cikin durowar ofis ka baro su ba.

Sauran lokacin kuma ka fara haɗa takardunka tun yanzu: ta ɗaukarka aiki ta farko, ta tabbatarwa, ta kowane ƙarin girma, da shaidar shekarun haihuwa, ka tabbatar abin da ke fayil ɗinka ya yi daidai da abin da ke hannunka. Ka je rajista da ƙafarka. Yadda yaran wurin za su karɓe ka zai gaya maka abin da shekara bakwai ɗinka suka haifa fiye da yawan motocin sallah. In sun tashi da murna, alhamdu lillahi. In sun yi kamar ba su gan ka ba, kana da shekara biyu ka gyara, kuma da gaisuwa ake farawa.

Gida shi ne inda na fi jin tsoro. Umarnin da ka saba raba wa ma'aikata guda yanzu ba shi da wurin sauka sai kan uwargida da yara, kuma su ba za su iya neman canjin wurin aiki ba. Abin da ka rubuto mini, ita ya kamata ta fara ji. Ka zaunar da ita ka faɗa mata kamar yadda ka faɗa mini, har da duba cajin. Ta aure ka tun ba wanda ya san za ka zama darakta, ba ta taɓa kawo maka fayil ba. Yaran kuma kada ka tara su ka yi musu jawabi, wannan ma ofis ne. Ka ɗauki ƙaramin ka kai shi makaranta da kanka, kada ka tambaye shi sakamakon jarrabawa a hanya. Rashin barcin nan na wata tara kuma ba abin wasa ba ne a shekarunka. Ka je asibiti a auna jininka, ka gaya wa likita gaskiyar yadda darenka yake wucewa da abin da ke hana ka runtsawa.

Ka ce mutum huɗu suka zo da sallah, ka faɗe shi kamar mai lissafin asara. Ni kuwa masinjan nan ya tsaya mini a rai. Ya yi ritaya, ba abin da sa hannunka zai ƙara masa ko da kana kan kujerar, balle yanzu. Ya cire kuɗin acaɓa daga ɗan fanshonsa, a ranar da kowa ke tare da iyalinsa, ya taho tun daga bayan gari. Wataƙila akwai abin da ka taɓa yi masa daga aljihunka, ranar da matarsa ba lafiya ko ɗansa ya rasa kuɗin makaranta, wanda kai ka manta tuni. Shekara nawa yana ɗaukar maka jaka, ka san gidansa?

Juma'ar nan in an sauko daga masallaci ka nemi gidan. Kada ka aika, kada ka kira shi ya zo. Ka tafi da ɗan abin da ya sauwaƙa, in ya shimfiɗa maka tabarma ka cire takalmi ka zauna. Ka tambaye shi yadda ya yi da nasa fanshon, wata nawa ya jira, wane ofis ya fi wahalar da shi, wa ya taimaka masa a rajista. Ya riga ka shiga wannan layin, kuma duk ƙofofin da za ka bi nan da shekara biyu shi ya san su, har da wadda ake shiga ta baya idan ta gaba tana kulle.